Alƙali da Lalitar Gwamnati: Ina Iyakar Ikon Kotu Kan Haraji da Kasafin Kuɗi?

Jawabin da aka gabatar a shirinmu na mako-mako kan shari'a da mulki

 

Duk lokacin da aka ƙara haraji, ko aka je asibiti aka tarar ba magani, za ka ji wani a majalisar shayi ya ce, "To me ya hana a kai gwamnati kotu?" Tambaya ce mai kyau, sai dai tambayoyi biyu ne aka cure wuri guda. Ta farko, shin alƙali na iya hana gwamnati karɓar wani haraji ko kashe wasu kuɗi? Ta biyu, shin yana iya tilasta mata ta ɗora haraji, ko ta zuba kuɗi a inda shi ya ga ya dace? Amsar ta farko a ƙasashe da yawa ita ce e, idan gwamnati ta saɓa doka. Ta biyun ce ake ta fafatawa a kanta, kuma ita za mu fi tsayawa a kai yau.

Tushen maganar tsoho ne. Tun a 1689 majalisar Ingila ta kafa doka cewa sarki ba shi da ikon karɓar kuɗi daga talakawa ba tare da yardarta ba. Kundin tsarin mulkin Amurka ya hana fitar da ko sisi daga baitulmali sai da dokar majalisa. Sashe na 80 na kundin Najeriya na 1999 haka ya tanada, sashe na 174 na kundin Ghana na 1992 kuma ya ce ba a ɗora haraji sai ta hanyar dokar majalisa. Dalilin bai da wuyar fahimta. Wanda zai sa hannu a aljihunka, ya kamata ya zama wanda kai ma kake da hanyar sauke shi. Ɗan majalisa yana dawowa neman ƙuri'arka bayan shekara huɗu ko biyar. Alƙali kuwa naɗa shi ake yi. A Amurka alƙalin tarayya yana kan kujera har ƙarshen rayuwarsa in ya ga dama, a Najeriya kuma alƙalin kotun ƙoli sai ya cika shekara 70 yake ritaya.

To, mu leƙa Amurka, domin a can ne aka taɓa samun alƙalin da ya ƙara haraji da alƙalaminsa, kuma har yau ɗaliban shari'a na nazarin abin da ya biyo baya.

Abin ya faru ne a birnin Kansas da ke jihar Misuri. Kafin 1954 dokar jihar ce da kanta ta raba makarantun yara baƙaƙen fata da na farar fata. A wannan shekarar kotun ƙolin Amurka ta haramta wariyar, amma haramci a takarda bai gyara abin da aka shekara da shekaru ana ɓatawa ba. Iyalai farar fata da dama suka kwashe 'ya'yansu suka koma unguwannin bayan gari, makarantun cikin birni suka zama mafi yawan ɗalibansu baƙaƙen fata ne, gine-gine suka lalace, rufi na yoyo. A 1977 aka shigar da ƙara. A 1984 alƙalin kotun tarayya Russell Clark ya yanke hukunci cewa gwamnatin jihar da hukumar makarantun birnin duk suna da laifi, kuma wajibi ne su gyara.

Gyara kuwa sai da kuɗi. A Amurka harajin gidaje da filaye na daga cikin manyan hanyoyin da makarantun gwamnati ke samun kuɗi, dokar Misuri kuma ta ce ba a ƙara shi sai masu zaɓe sun amince. Hukumar makarantu ta kai maganar gaban masu zaɓe, suka ƙi. Ta sake kaiwa, suka sake ƙi. Ku dubi tsaka mai wuyar da alƙalin ya shiga. Ga yara da aka tabbatar an tauye musu haƙƙi, ga hukunci ya yanke, ga kuma masu ƙuri'a sun ce ba za su biya ba. Idan ya yi shiru, hukuncinsa ya zama maganar fatar baki.

Sai a 1987 ya ɗauki matakin da ya girgiza ƙasar. Ya ba da umarni a ƙara harajin gidaje daga dala 2.05 zuwa dala 4 a kan kowace dala 100 ta ƙimar da aka yi wa gida, wato kusan ninki biyu ke nan. Ya kuma ɗora wani ƙarin haraji a kan albashin masu aiki a yankin. Kotun ɗaukaka ƙara ta soke na albashin. Na gidajen kuwa ya kai har kotun ƙoli, wadda ta yanke hukunci a watan Afrilun 1990.

Ku saurari yadda ta raba gardamar, domin nan ne iyakar ta fito fili. Alƙalan tara duka sun yarda cewa Clark ya wuce gona da iri da ya ƙayyade haraji da kansa. Amma biyar daga cikinsu suka ce akwai wata hanyar da aka yarda da ita: alƙali na iya umartar hukumar makarantu, wadda zaɓaɓɓun mutane ke riƙe da ita, ta ƙara harajin da kanta, kuma yana iya ɗage dokar jihar da ta ɗaure mata hannu. Sauran huɗun, ta bakin mai shari'a Anthony Kennedy, suka ce wannan duk kanwar ja ce, domin ko alƙali ya rubuta adadin da hannunsa ko ya tsaya a kan wani ya rubuta, mai gidan da zai biya bai ga bambanci ba, kuma ba a saurare shi a shari'ar ba.

Masu rinjayen sun dogara ne da wani tsohon hukunci na 1964. Wata ƙaramar hukuma a jihar Bajiniya ta rufe makarantun gwamnati ƙaf tun 1959 don kada a haɗa yara baƙaƙe da farare a aji ɗaya. Kotun ƙoli ta ce ana iya tilasta mata ta karɓi haraji ta buɗe su. Kun ga ashe akwai ranar da in kotu ba ta taɓa lalita ba, zalunci ne zai ci gaba.

Me ya faru da kuɗin Kansas? An kashe kimanin dala biliyan 2 cikin shekara goma sha wani abu. An gina sababbin makarantu, an gyara tsofaffi. An yi wurin ninƙaya irin na gasar Olamfik, da ɗakin nazarin taurari, da gona ta koyar da ɗalibai, har da zauren kwaikwayon Majalisar Ɗinkin Duniya mai na'urorin fassara. Manufar ita ce makarantun su yi kyau har iyalai farar fata su dawo da 'ya'yansu daga bayan gari. Kaɗan ne suka dawo. Sakamakon jarrabawa bai tashi yadda aka yi fata ba. Kaso mafi tsoka na kuɗin kuma daga baitulmalin jiha ya fito, wato daga tukunyar da sauran makarantun Misuri, har da na karkara, ke ci. A 1995 kotun ƙoli, da rinjayen biyar da huɗu, ta ce umarnin ƙarin albashin ma'aikata da shirin jawo ɗalibai daga wajen yankin sun wuce ikon alƙalin. A 2000 hukumar ilimin jihar ta janye wa makarantun birnin takardar amincewa saboda rashin inganci, a 2003 kuma kotu ta tsame hannunta baki ɗaya.

Ba don a zargi alƙali Clark muka kawo wannan labari ba. Zaluncin da ya gani na gaske ne, kuma 'yan siyasar da ya kamata su gyara sun noƙe. Abin lura shi ne yanayin kujerar da yake kai. Alƙali ƙara ɗaya ce a gabansa, da masu ƙara da waɗanda ake ƙara. Mai tsara kasafi kuwa dole ya dubi makaranta da asibiti da hanya da albashin 'yan sanda a lokaci guda, ya san cewa abin da ya ƙara wa wannan, daga wancan ya rage. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Manomin karkarar Misuri da aka rage wa makarantar 'ya'yansa kuɗi bai taɓa tsayawa gaban alƙalin ba, ba shi kuma da ranar zaɓen da zai rama.

Yanzu mu juya ga ɗaya ɓangaren, inda kotu ke cewa a'a. A nan ƙarfinta a bayyane yake. A Jamus, tun 2009 kundin tsarin mulki ya taƙaita bashin da gwamnatin tarayya za ta iya ci a shekara, sai dai in an shiga halin gaggawa. Lokacin annobar korona majalisa ta ba da izinin cin bashi na musamman, aka yi ragowar Yuro biliyan 60 ba a taɓa ba. Gwamnatin Olaf Scholz ta mayar da wannan ragowa zuwa asusun yaƙi da sauyin yanayi. 'Yan adawa suka garzaya kotun tsarin mulki, ranar 15 ga Nuwamban 2023 kuma kotun ta soke matakin. Rana ɗaya kasafi ya samu giɓin biliyan 60. Amma kotun ba ta ce a rage nan ko a ƙara haraji can ba, ta bar wa 'yan siyasa su san yadda za su yi. Rigimar cike giɓin kasafi na daga cikin abin da ya wargaza gwamnatin haɗakar a Nuwamban 2024. A watan Maris na 2025 majalisa ta yi wa kundin gyara ta sassauta ƙa'idar bashin. Wato alƙalai sun tsare doka yadda take, masu ikon sauya ta kuma suka sauya ta.

A Kenya ma an ga irin haka. Dokar kuɗi ta 2023 ta ɗora harajin gina gidaje na kashi 1.5 cikin 100 a kan albashi, ta kuma ninka harajin VAT na man fetur daga kashi 8 zuwa 16. A Nuwamban 2023 babbar kotu ta ce harajin gidajen ya saɓa wa kundi, domin masu albashi kaɗai aka ɗora wa, aka bar sauran masu samun kuɗi. Gwamnatin William Ruto ba ta haƙura da harajin ba. Ta koma majalisa aka yi sabuwar doka da ta toshe ɓarakar, ya sa mata hannu a watan Maris na 2024, aka ci gaba da cira. A ƙarshen Yulin 2024 kotun ɗaukaka ƙara ta soke dokar kuɗin ta 2023 ɗungurungum, bisa hujjar cewa ba a saurari jama'a yadda ya kamata ba, amma a Oktoba kotun ƙoli ta dawo da ita. Ƙudurin harajin 2024 kuwa ba a zauren kotu ya faɗi ba. Matasa ne suka cika titunan Nairobi har suka kutsa harabar majalisa ranar 25 ga Yuni, aka rasa rayuka, washegari Ruto ya ce ya janye shi.

Akwai ƙasar da ta nemi hanya ta tsakiya, ita ce Afirka ta Kudu. Kundinta na 1996 ya bai wa kowa haƙƙin samun kiwon lafiya, amma ya ɗaure shi da sharaɗin ƙarfin aljihun gwamnati. A 1997 wani mai ciwon ƙoda a Durban, Thiagraj Soobramoney, ya roƙi kotun tsarin mulki ta tilasta wa asibitin gwamnati ya riƙa yi masa wankin ƙoda. Na'urorin ba su da yawa, asibitin kuma ya keɓe su ga waɗanda ake sa ran za su warke ko a yi musu dashe. Kotu ta ce ba za ta shiga wannan rabo ba, tunda an yi shi bisa ƙa'ida da gaskiya. Bawan Allah ya rasu 'yan kwanaki bayan hukuncin. Shekara biyar bayan haka, a 2002, wannan kotun dai ta umarci gwamnati ta daina taƙaita maganin nevirapine, mai hana uwa sa wa jaririnta ƙwayar cutar HIV, ga wasu 'yan asibitocin gwaji. Bambancin shi ne a nan kuɗi ba su ne matsalar ba, domin kamfanin da ke yin maganin ya yi tayin bayar da shi kyauta na shekara biyar. Kotu ta auna ko matakin gwamnati ya yi daidai da hankali, ta ga bai yi ba. Ko a nan ma ba ta rubuta wa ma'aikatar lafiya adadin da za ta kashe ba.

To mu dawo gida. A Najeriya babi na biyu na kundi ya yi maganar ilimi kyauta da kiwon lafiya da walwalar jama'a, amma sashe na 6(6)(c) ya hana kotuna sauraron ƙara a kan ko gwamnati ta cika waɗannan manufofi. Ke nan tun daga tushe an rufe ƙofar da alƙali zai bi ya ce a gina makaranta a ƙauye kaza. Inda kotunan ke da ta cewa sosai shi ne a kan wa ke da ikon karɓa, kuma wa ya kamata a bai wa. A Agustan 2021 babbar kotun tarayya da ke Fatakwal ta ce jihar Ribas ce ke da ikon karɓar harajin VAT a cikinta, ba hukumar tara haraji ta tarayya ba. Jihohin da ke dogaro da rabon Abuja suka shiga zullumi, kafin kotun ɗaukaka ƙara ta ce kowa ya tsaya inda yake. Ranar 11 ga Yulin 2024 kuma kotun ƙoli ta ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya, ba ta hannun gwamnoni ba. An yi ta murna, amma aka kwashe watanni ana kai-kawo kan yadda za a aiwatar. Mabuɗin baitulmali ba a hannun alƙali yake ba. Ko ɗan kwangilar da ya ci gwamnati a kotu, sashe na 84 na dokar aiwatar da hukunci ya ce sai ya nemi yardar antoni janar kafin a taɓa kuɗin da ke hannun jami'in gwamnati, kuma lauyoyi sun daɗe suna gardama a kan ko wannan sharaɗi ya dace da tsarin mulki.

Masu sauraronmu na Ghana ba su manta da E-Levy ba, harajin tura kuɗi ta waya na kashi 1.5 cikin 100 da ya fara aiki a watan Mayun 2022. 'Yan majalisa na ɓangaren adawa sun nemi kotun ƙoli ta dakatar da shi, ta ƙi. Harajin ya ci gaba, aka rage shi zuwa kashi 1 a 2023, sai bayan zaɓen Disamban 2024 sabuwar majalisa ta soke shi, shugaba John Mahama ya sa hannu a Afrilun 2025. Dattawan Kano da Kaduna ma za su tuna cewa haraji da jangali ba alƙali ne ya ɗauke musu su ba. Gwamnatocin Abubakar Rimi da Balarabe Musa na jam'iyyar PRP ne suka soke su da suka hau mulki a 1979, bayan talakawa sun ba su ƙuri'a a kan wannan alƙawari.

Saboda haka, ɗan'uwa mai sauraro, idan aka zo maka da rasit na wani sabon haraji a kasuwa ko a tasha, ga abin da za ka tambaya. Wace doka ce ta ɗora shi? Majalisa ce ta yi ta, ko wani jami'i ne ya wayi gari da sanarwa? Hukumar da ke karɓa tana da hurumin karɓa, ko na wani matakin gwamnati ne? An ware wasu an ɗora musu an bar takwarorinsu ba dalili? In amsar ɗaya daga cikin waɗannan ta karkace, to kotu wurinka ce, kai ko ƙungiyarku ta 'yan kasuwa, kuma alƙali na da cikakken ikon cewa a daina. In kuwa an bi doka daki-daki, harajin ne dai ya yi nauyi, ko kasafin ya fifita motocin manya a kan ɗakin haihuwa, to da wuya kotu ta share maka hawaye. Wannan kuka a gaban ɗan majalisarku ake yin sa, da zaman jin ra'ayin jama'a kan kasafi, da gidajen rediyo irin wannan, da ranar zaɓe.

Magana ta ƙarshe. Duk wannan rabon aiki yana tafiya ne idan akwai majalisar da jama'a suka zaɓa da kundin da ke aiki. Waɗanda suka rayu a zamanin mulkin soja a Najeriya sun san dokokin soja da ake rubutawa da sharaɗin cewa babu kotun da za ta saurari ƙara a kansu. A irin wannan hali mai ɗora harajin shi ne mai kashe kuɗin, shi ne kuma mai hana a tambaye shi. Alƙalin da ke cewa "wannan ba hurumina ba ne, na majalisa ne" yana magana ne da zaton cewa majalisar na nan kuma tana jin ku. In ta zama 'yar amshin shata, to talaka ya rasa ƙofa biyu a lokaci ɗaya. Shi ya sa kasafin da ake karantawa a ƙarshen shekara ya cancanci ku kasa kunne, ku nemi sanin nawa aka ware wa asibitin garinku, ku kuma tambayi wakilinku yadda ya kaɗa ƙuri'a a kai.

Nan za mu dakata. Muna jiran saƙonninku da tambayoyinku kamar kullum, musamman daga waɗanda suka taɓa kai ƙarar haraji kotu, mu ji yadda ta kaya. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. A huta lafiya.